Faɗuwar gaba ba dalili: wai da gaske ana ganinta a hoton ƙwaƙwalwa?

Maman_Sultan:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masana lafiya ku taimaka min. Ƙanwata ce ke fama da faɗuwar gaba. Tana zaune lafiya lau sai zuciyarta ta hau dukan uku-uku, gumi ya karyo mata, hannu na rawa, ta ce ita dai mutuwa za ta yi. Can ya lafa, sai kuma ta wuni tana zullumin yaushe zai dawo. An yi gwajin zuciya, an auna hawan jini, an ce ba komai. To na ji wani yana bayani wai masu irin wannan fargabar, akwai sassa biyu a ƙwaƙwalwarsu da saƙo ba ya wucewa sosai a tsakaninsu, kuma wai ana gani a hoto. Da gaske ne? In haka ne ai gara mu tara kuɗi a yi mata hoton ƙwaƙwalwa na MRI a ga inda matsalar take, mu huta da yawon asibiti.

Abu_Khadija:
Allah ya ba ta lafiya. A dage da azkar na safe da yamma, a yi mata ruƙiyya.

Ɗan_Katsina_a_Turai:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yaye mata. Karatuna a wannan fannin yake, a yi haƙuri zan ɗan ja magana.

Can cikin ƙwaƙwalwa, ta saitin kunne, akwai ɗan dunƙulen jijiyoyi guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, ana kiransu amigdala. Aikinta gano haɗari cikin gaggawa. Ka hango abu a kwance a hanya da daddare, kafin ka tantance igiya ce ko maciji har ka daka tsalle, to ita ce. Ita ke tayar da jiki a saki sinadaran adirenalin da kotizol, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama. Joseph LeDoux na Jami'ar New York ya yi shekaru yana bin diddigin wannan hanyar a jikin ɓeraye.

Sai kuma sashen gaba, wanda ke bayan goshi. Shi ke tsayawa ya auna, ya gane igiya ce, ya aika wa amigdala ta sassauta. Akwai damin zaren jijiya da ya haɗa su. A 2009 Justin Kim da Paul Whalen na Dartmouth a Amurka sun auna ƙarfin wannan zaren, suka ga waɗanda nasu ya fi ƙwari sun fi ƙarancin fargaba a ɗabi'arsu, masu raunin zare kuma sun fi yawan zullumi. A shekarar kuma Amit Etkin da abokan aikinsa a Stanford suka nuna cewa masu ciwon fargaba mai ɗorewa, yadda amigdalarsu ke hulɗa da sauran sassa ya bambanta da na masu lafiya.

Wannan duk gaskiya ne. Amma Hajiya kada ki kai kuɗinki wajen MRI don wannan. Bambancin da ake magana a kai, sai an tara mutane da yawa an fitar da matsakaici ake ganinsa. Hoton mutum ɗaya ba zai nuna ba. Za a ba ku takarda a ce ƙwaƙwalwa lafiya lau, ku dawo gida da ciwon da kuma bashi. Likita yakan tura MRI ne idan yana zargin ƙari ko farfaɗiya ko wani abu makamancin haka.

Sarkin_Keke_Kurna:
Wato dai in na fahimta, totur na aiki, birki ne ya yi sanyi.

Ɗan_Katsina_a_Turai:
Kusan haka ne Malam. Sai dai wani lokacin birkin ma yana aiki fiye da kima. Mai yawan tunani, sashen gaban nasa ba barci yake ba, shi ke ta kawo "in kaza ya faru fa?" yana ƙara rura wutar.

Sista_Rabi:
Maman Sultan, ni ma'aikaciyar jinya ce. Kafin a tafi can ƙwaƙwalwa, an duba mata maƙoƙo? Idan ƙwayar tayirod ta wuya tana aiki fiye da kima, tana kawo bugun zuciya, gumi, rawar hannu, rama, rashin barci, kamar an kwafa daga fargaba. Gwajin jini ne kawai. A duba ƙarancin jini ma. Sannan ki lura da abin da take sha: goro, kofi, shayi mai kauri, lemukan ƙara kuzari na gwangwani, duk akwai kafeyin a ciki.

Kuma don girman Allah kada wani ya ce ku je kemis a sayo diyazefam. Yana kwantar da mutum nan take, shi ya sa ake kamuwa da shi. Ranar da aka daina kuma fargabar ta dawo ninki.

Hauwa_Gwammaja:
Sista kin taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni maganin olsa aka yi ta ɗora ni a kai a wani asibitin kuɗi, saboda na ce ƙirjina na zafi cikina na murɗawa. Ba wanda ya tambaye ni ko ina barci, ko me ke damuna. Sai da wata likita ta zaunar da ni ta ce in ba ta labarin yadda abin ke farawa, a nan aka gane.

Malam_Audu_Lissafi:
Ni malamin lissafi ne, saboda haka in an ce "bincike ya nuna" tambayata ta farko ita ce mutum nawa. @Ɗan_Katsina, wancan na Dartmouth ɗin mutum nawa aka auna?

Ɗan_Katsina_a_Turai:
Mutum 20, kuma masu lafiya ne, ba majinyata ba.

Malam_Audu_Lissafi:
Ka ji ko! Ajina ɗaya ya ninka su uku. A 2022 mujallar Nature ta buga aikin Scott Marek da tawagarsa. Sun tattaro hotunan ƙwaƙwalwar kusan mutum 50,000, suka riƙa ciro ƙananan rukuni suna gwadawa. Abin da suka samu shi ne, in kana son danganta siffar ƙwaƙwalwa ko haɗin sassanta da halin mutum, sai ka auna dubbai kafin sakamakon ya tsaya da ƙafarsa. Alhali yawancin irin waɗannan binciken mutum 25 ne ko kusa da haka. Da ƙaramin rukuni za ka iya samun alaƙa mai ƙarfi yau, gobe wani ya maimaita ya samu akasinta.

Kuma kada a manta da kifin nan. A 2009 wasu masu bincike suka bayyana cewa sun saka mataccen kifin salmon a na'urar MRI, suka "nuna" masa hotunan mutane, lissafi ya fitar da ɗigon haske a kansa kamar yana tunani. Da gangan suka yi, don su nuna abin da sakaci da lissafi ke haifarwa.

Zee_Baby:
Mataccen kifi kuma? Allah ya sa dai sun soya shi daga baya, kada a yi asara.

Ɗan_Katsina_a_Turai:
Malam Audu, maganarka dutse, shi ya sa ma na hana Hajiya zuwa MRI. Amma kada a zubar da komai. Abin da Marek ya soka shi ne kwatanta mutum da mutum. Hujjar haɗin amigdala da sashen gaba ba a kan hoto kaɗai ta tsaya ba. An gani a dabbobi, inda ake iya kunna jijiya a kashe ta a ga abin da zai biyo baya. An gani a mutanen da rauni ya lalata musu sashen.

Wani abin da ya kamata a sani: na'urar ba tunani take gani ba. Sauyin iskar oksijin a jinin da ke kwarara zuwa wurin take aunawa, shi kuma sai bayan daƙiƙa huɗu zuwa shida yake kai ƙololuwa. Idan aka ce sassa biyu suna da "haɗi" a irin wannan hoton, nufin shi ne alamarsu na hawa da sauka tare. Wanda ya fara yi wa wani magana, hoton ba ya faɗa.

Sarkin_Keke_Kurna:
To ni shawarata, tunda amigdalar ce fitinanniya, a yi tiyata a cire ta mana kowa ya huta.

Likitan_Gobe:
Haha Sarki, akwai wadda Allah ya cire mata ba tiyata. Wata mata ce a Amurka, a littattafan likitanci S.M. kawai ake kiranta. Wata cuta ta gado mai wuyar samu ta lalata mata amigdala duka biyun. Masu bincike na Jami'ar Iowa sun kai ta shagon da ake sayar da macizai, ta ɗauki maciji tana shafawa, har sai da aka riƙa hana ta taɓa masu haɗarin. An nuna mata finafinan ban tsoro, ko a jikinta. Amma rayuwarta ba abin sha'awa ba ce: an taɓa ɗora mata wuƙa a wuya, an taɓa nuna ta da bindiga, saboda ba abin da ke gaya mata ta kauce wa wuri ko mutum.

Abin mamakin yana gaba. A 2013 aka ba ta iska mai kashi 35 cikin 100 na kabon dayoksaid ta shaƙa, irin wadda ke sa jiki ya ji kamar an shaƙe shi. Matar da ba ta san tsoro ba sai ga ta ta firgice tana neman a cire mata abin. Wasu tagwaye biyu masu irin cutarta su ma haka. Ke nan firgicin da ke tasowa daga cikin jiki, irin na ƙanwar Maman Sultan, yana da wata hanyar da ba lallai ta bi ta amigdala ba.

Ibn_Sani:
Duk wannan turancin banza ne. Wanda ya yi tawakkali ba ya fargaba. Raunin imani ne kawai, a koma ga Allah.

Hajiya_Bilki_Kaduna:
Ɗana, ka iya bakinka. Mahaifiyata ba ta taɓa barin tsayuwar dare ba har ta koma ga Allah, kuma ta yi fama da wannan ciwon. Irin maganarka ce ke sa mutane su ɓoye, su ƙara wa kansu da jin cewa su masu laifi ne.

Ustaz_Na_Tudu:
Ibn Sani, a sassauta. Alƙur'ani a Suratu Ɗaha ya ba da labarin Annabi Musa (AS) ya ji tsoro a ransa ranar karo da matsafa. Manzon Allah (SAW) ya kasance yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a addu'arsa, kuma ya faɗa cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta. Wanda hawan jini ya kama ba ma ce masa imaninsa ne ya yi rauni. A yi addu'a, a je asibiti, babu wanda ya hana wani.

Ibn_Sani:
Ni dai ban ce kada a je asibiti ba.

Falmata_Yerwa:
Ina da tambaya ga ɗan uwanmu na Turai. Yayata ta baro ƙauye tun lokacin rikici, yanzu shekaru ke nan tana cikin gari lafiya. Amma har yau in babur ya wuce da daddare sai ta miƙe zumbur, ta tashi yara, ta hau laluben takalmansu a cikin duhu. Takalman ma a bakin katifa take jera su kafin a kwanta. Da safe ita da kanta tana dariyar abin, ta san ba komai. To sanin bai isa ba ke nan? Zaren nata tsinkewa ya yi?

Ɗan_Katsina_a_Turai:
Allah sarki. Anti Falmata, bai tsinke ba. Abin da kika kwatanta shi ne ainihin inda aka fi fahimtar wannan haɗin. Ana koya wa ɓera cewa in ya ji wata ƙara, wutar lantarki za ta ɗan ja shi a ƙafa. Daga nan da ya ji ƙarar sai ya sandare. Sai a yi ta kunna ƙarar ba wuta, har ya daina sandarewa. Da an ɗauka mantawa ya yi. A 2002 Mohammed Milad da Gregory Quirk a Puerto Rico suka nuna cewa washegari, in aka kunna ƙarar, wasu jijiyoyi a sashen gaba ne ke tashi, kuma gwargwadon tashinsu gwargwadon natsuwar ɓeran. Wato tsohon tsoron yana nan, sabon darasi ne aka ɗora a kansa, kuma sashen gaba ke riƙe da sabon.

Sanin da take yi da safe, na baki ne. Darasin da amigdala ke karɓa sai an maimaita shi a aikace: ta ji ƙarar, ta zauna, ba abin da ya faru, a sake. A kan wannan aka gina maganin da masana halayyar ɗan Adam ke yi na fuskantar abin tsoro kaɗan-kaɗan. Amma ga wadda ta ga abin da yayarki ta gani, ƙwararre ne zai ja ragamar, kada 'yan gida su ce za su gwada. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a nan Maiduguri.

Falmata_Yerwa:
Na gode. Yaran fa da suka tashi a cikin abin?

Ɗan_Katsina_a_Turai:
A yara ƙanana sassan biyu tare suke tashi. Wajen shekara 10 ne abin ke juyawa, sashen gaba in ya tashi amigdala ta sauka, kamar na manya. Dylan Gee da Nim Tottenham ne suka nuna haka a 2013. A shekarar kuma suka duba yaran da suka fara rayuwa a gidajen marayu ba kulawar uwa, suka ga nasu ya juya da wuri. Kamar dai yaron da ba mai rarrashinsa dole ƙwaƙwalwarsa ta fara rarrashin kanta tun lokaci bai yi ba. Shi kuwa sashen gaba ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20 da 'yan kai.

Maigadi_Sabon_Gari:
Ni aikin dare nake yi. Na lura duk ranar da na sauka ban samu na runtsa ba, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai gabana ya yanke ya faɗi, yara ma ba na iya jure hayaniyarsu. In na yi barci ya ishe ni, ni ne mai wasa da su. Akwai alaƙa ko ni ne dai?

Likitan_Gobe:
Baba ba kai kaɗai ba ne. A 2007 tawagar Matthew Walker ta hana matasa barci na kusan awa 35, aka nuna musu hotuna masu tayar da hankali a cikin na'urar. Amigdalarsu ta tashi da sama da kashi 60 cikin 100 fiye da ta waɗanda suka yi barci, haɗinta da sashen gaba kuma ya yi rauni. Dare ɗaya fa. Ni wannan ya fi burge ni a duk maganar, don ya nuna haɗin ba abu ne da aka ƙera aka gama ba.

Malam_Audu_Lissafi:
Shi ma mutum ashirin da wani abu ne, in za a faɗi gaskiya.

Likitan_Gobe:
Malam kai dai ba a burge ka. Wannan gwaji ne aka yi da hannu, aka hana wasu barci aka bar wasu, ba wai an tsinci bambanci ne a tsakanin jama'a ba.

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum daga Zinder. Ni lokotoro ya ba ni ƙwaya ta kullum, ya ce kada in sa ran ganin sauyi sai bayan sati huɗu zuwa shida. Satin farko ma kamar abin ƙaruwa ya yi, na so in watsar. Matata ce ta hana. Yanzu alhamdu lillahi ina shiga kasuwa, da kuwa ko taron suna ba na iya tsayawa. Maman Sultan, in an ba ta magani kada ta yanke da kanta.

Hauwa_Gwammaja:
Ni abin da ya taimake ni bayan magani, in abin ya taso sai in ce a raina "fargaba ce, ba zuciya ba ce, za ta wuce". Da can ina jin bugun sai in ce shi ke nan, sai ya ƙaru.

Ɗan_Katsina_a_Turai:
Anti Hauwa, an ma gwada kusan haka. Matthew Lieberman a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, 2007: ana nuna wa mutane fuskar mai fushi ko mai tsoro. In aka ce su zaɓi sunan yanayin da fuskar ke ciki, amigdala na sauka, wani yanki na gaba ta dama yana tashi. In sunan mutum kawai aka ce su zaɓa wa fuskar, ba a ganin haka. Saukar ba mai yawa ba ce, kada a ɗauke shi magani, amma da gaske ne.

Maman_Sultan:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka. MRI dai na fasa. Amma har yanzu abu ɗaya bai fita min ba. Raunin haɗin ne ya jawo mata fargabar, ko fargabar ce ta raunana haɗin? Don mahaifiyarmu ma tana da ɗan irin wannan, ina tsoron ko a jini yake.

Ɗan_Katsina_a_Turai:
Ta kowane ɓangare yana tafiya Hajiya. Gado na da kaso, binciken tagwaye ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku ne, saura kuma rayuwa ce: tarbiyya, abin da mutum ya gani, barci, abin da yake gudu. Duk ranar da ta ƙi fita don tsoron abin zai kama ta a waje, sashen gaba ya rasa damar koyon cewa ba komai. Don a warware wanne ke riga wanne ne ake bin yara kusan 12,000 a Amurka tun suna shekara 9 zuwa 10, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu lokaci-lokaci har su girma.

Malam_Audu_Lissafi:
Wannan adadin na yarda da shi. Sai dai yaran Amurka ne, ba su san ƙarar baburan da Falmata ke faɗa ba. Ni har yanzu ina ganin an fi ƙarfafa maganar hoto fiye da abin da hoton ya tabbatar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 301 ke da ciwon fargaba a 2019, kuma kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke samun magani. Sauran ukun ba na'ura suka rasa ba.

Likitan_Gobe:
Ba wanda ya ce na'ura ce magani Malam. Amma mutum nawa ne a zauren nan suka fara yarda ciwo ne na gaske sai da aka ce musu akwai inda yake a ƙwaƙwalwa?

Malam_Audu_Lissafi:
To wannan kuma matsalarmu ce, ba hujjar kimiyya ba.

Sista_Rabi:
Ku dai ku ci gaba da naku. Maman Sultan, in a Kano kuke akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, akwai Dawanau. Kaduna akwai Barnawa, Sakkwato akwai Kware. Kada sunan wurin ya tsorata ku, yawancin masu zuwa ganin likita suke su koma gida a ranar. A fara da gwajin tayirod ɗin.

Sarkin_Keke_Kurna:
Sista, da kika lissafo masu kafeyin ɗin nan, har da shayin da muke dafawa a majalisa bayan isha'i? Ɗan ƙaramin kofi ne fa.

Sista_Rabi:
Har shi. Zagaye nawa kuke yi?

Sarkin_Keke_Kurna:
Uku. Wani lokacin a sake ɗora buta.